Bos Ne Aktan: Labaran 'Yan Fasa-ƙwaurin Giya na Amurka, Daga Littafi Zuwa Silima

An rubuto wannan lacca daga faifan da aka naɗa a wani zaman marubuta da masu sha'awar fim. An rage gaishe-gaishe da wasu maimaice-maimaice na baka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban wannan zama, iyayenmu malamai da ke sahun gaba, 'yan'uwa marubuta maza da mata, ɗalibai, barkanmu da yamma. Na baya, kuna ji na? To, madalla.

Duk wanda ya taso yana kallon fim a ƙasar nan, a silima ne ko a gidan kallo na unguwa, ya san ƙa'ida ɗaya tun kafin ya iya karatu. Akwai akta, akwai bos. Akta ba ya mutuwa, in ma zai mutu sai ya ga bayan bos. Yaro ɗan shekara bakwai zai shigo ana tsakiyar fim, kafin ya sami wurin zama ya taɓa ka ya ce, wane ne aktan? To, fina-finan da zan yi magana a kansu yau, in yaron nan ya tambaye ka, sai ka yi shiru. Mutumin da kyamara ke bi tun farko, wanda ka san uwarsa, ka san amininsa, ka ga ranar da ya fara sa kwat mai tsada, shi ne bos ɗin. Kuma zai mutu a kan titi kamar kare, ku tashi ku fita ranku a jagule, ba ku san ko murna za ku yi ba.

Sai mun fara da dokar, don ita ce uwar labarin. Ranar 17 ga Janairu 1920 gyara na 18 da aka yi wa tsarin mulkin Amurka ya fara aiki. Ba haɗa giya, ba sayarwa, ba safara, ba shigo da ita daga waje. Ku duba abin da babu a jerin nan. Babu sha, babu saye. Wanda ya cika ɗakin ajiyarsa da kwalabe kafin ranar, doka ba ta da abin cewa da shi, kuma a 1930 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa mai saye bai yi laifi ba. Mai sayarwa kaɗai ake nema. Ku riƙe min wannan a hannu, shi ne igiyar da zan ja har ƙarshen magana.

Waɗanda suka yi fafutukar hanin ba mahaukata ba ne. Da yawansu mata ne da suka gaji da ganin maigida ya karɓi albashi ranar Asabar, ya ƙarar a mashaya, ya dawo gida da duka. Sun shafe fiye da shekara hamsin suna wannan yaƙi tare da coci-coci, kuma a shekarun farko shan giya ya ragu ƙwarai, ciwon hanta ma ya ragu. Amma akwai wata a ƙasa. Masu son dokar galibi mutanen karkara ne da ƙananan garuruwa, tsofaffin Amurkawa 'yan Furotesta. Manyan birane kuwa cike suke da baƙin da suka yi ƙaura daga Ailan, Jamus, Italiya, da Yahudawan gabashin Turai, mutanen da giya ke cikin bikinsu da cin abincinsu. Rabin ƙasa ne ya yi wa ɗaya rabin doka.

Sai ƙofofi suka buɗe ta ko'ina. Likita na iya rubuta maka wuski a matsayin magani, ka je kemis ka karɓa. An bar ruwan inabi na ibada ga coci da Yahudawa, sai masu ibada suka ƙaru ba gaira ba dalili. Daga Kanada ana tsallako da kaya ta kogin Detroit, in sanyi ya daskarar da ruwa a bi ta kan ƙanƙara da mota. A gaɓar Niyok jiragen ruwa na tsayawa can wajen iyakar ruwan Amurka, kwale-kwale masu inji na zuwa ɗauka da dare. Mashaya ta koma bayan ƙofa mai ɗan rami, sunan da suka sa mata da harshensu ma'anarsa "yi magana ƙasa-ƙasa". Kasuwa ce ta miliyoyin daloli wadda ba ta da kotu. In wani ya cinye maka kuɗin kaya, ba alƙalin da za ka kai wa ƙara. Alƙalinka bindiga.

A Shikago abin ya fi muni. Johnny Torrio, ubangidan 'yan fasa-ƙwaurin kudancin gari, ya yi ƙoƙarin raba gari unguwa-unguwa, kowa ya ci a gonarsa. A 1924 aka harbe Dean O'Banion, shugaban 'yan arewacin gari, a shagonsa na sayar da furanni, sulhu ya watse. Torrio ya sha harsashi a 1925, ya tsira da ƙyar, ya miƙa wa yaronsa Al Capone ragama. Ranar 14 ga Fabrairu 1929 wasu mutane, biyu daga cikinsu da kayan 'yan sanda, suka jera mutum bakwai a jikin bangon wani gareji suka buɗe musu wuta da bindigar Thompson, wadda saboda ƙararta ake mata laƙabi da tafiretar Shikago. Ni kan yi jinkiri kafin in kira waɗannan mutane 'yan daba. Ɗan daba a wurinmu yaron unguwa ne mai wuƙa. Waɗannan suna da akanta, da lauya, da motocin dakon kaya, da 'yan sandan da ke karɓar albashi a hannunsu duk mako.

A wannan shekarar ta 1929 littafin Little Caesar ya fito, wato ƙaramin Ƙaisar. Marubucinsa W. R. Burnett mutumin jihar Ohio ne, ya zo Shikago a 1927 ya sami aikin karɓar baƙi da dare a wani ƙaramin otal. Aikin dare a irin wannan wuri makaranta ce. Ya saurari yadda mutanen nan ke magana, ya rubuta littafin da bakinsu, daga cikin ɗakinsu. Abin da ya zo da shi sabo ke nan. Kafin shi labarin laifi daga wajen mai bincike ake ba da shi, ana neman wanda ya yi kisa. Burnett ya zaunar da kai a teburin masu kisan, kuma bai tsaya ko sau ɗaya ya yi maka wa'azi ba. 'Yan'uwa marubuta, wannan ya fi wuya fiye da yadda kuke zato. Hannu kan yi ƙaiƙayi ya ce sai ya gaya wa mai karatu cewa abin nan fa ba kyau.

Rico, jarumin littafin, abin mamaki ne. Ba ya shan giya. Mata ba su dame shi ba. Kuɗin ma ba su ne a gabansa ba. Abin da yake so a san shi, a ce wane ne ya shigo. Kullum matajinsa na aljihu, yana gyara suma. Kuma in ka karanta da kyau, za ka ga safarar giya ba ta cika fitowa a labarin ba, fashi ne da ƙwace shugabanci. Ya shigo ƙungiya a yaro, ya ture ubangidansa, ya ture na sama da shi, yana hawa tsani irin wanda ake gaya wa kowane yaron Amurka cewa in ya dage zai hau. Wa'azin ƙasar ke nan, ka tashi ba ka da komai ka zama wani. Rico ya gaskata wa'azin nan fiye da masu yin sa.

Kamfanin Warner ya mai da littafin fim, ya fito a Janairun 1931, Mervyn LeRoy ya ba da umarni, Edward G. Robinson ya fito a Rico. Robinson Bayahude ne haifaffen Romaniya, gajere, mai faɗin fuska, mutum mai son zane-zane da karatu, har ana ba da labarin cewa in ya harba bindiga sai ya runtse ido don tsoron ƙarar. Amma ku kalli abin da ya yi da mutumin. A takarda Rico sanyi gare shi kamar ƙarfe, kana kallonsa daga nesa. A allo ya sami murya, ya sami taku, ya sami sigari a gefen baki. Akwai wurin da aka shirya masa walimar girmamawa, aka ba shi kyautar agogo, ashe agogon ma na sata ne, ya tsaya aka ɗauke shi hoto duk da na gaba da shi ya ƙi tsayawa, washegari ya je ya sayi jaridu rututu don ya ga fuskarsa. Dariya za ka yi, amma tausayi ya riga ya shige ka. Kuma son a san shi ɗin nan ne ajalinsa. Bayan ya faɗi ya ɓuya a gidan kwanan talakawa, ɗan sanda ya sa aka buga a jarida cewa Rico matsoraci ne. Ya kasa haƙuri, ya ɗauki tarho ya kira don ya yi zagi, aka bi layin aka same shi. An harbe shi a bayan allon talla, allon kuwa na tallar rawar amininsa ne, wanda ya bar harkar ya zama ɗan rawa. Ya mutu yana tambaya ko ƙarshensa ke nan. A littafi ya haɗa tambayar da ambaton Ubangiji irin na 'yan Katolika, a fim aka sauya kalmar don gudun masu tacewa.

Kar mu manta da sauti. Fim mai magana bai cika shekara huɗu ba a lokacin. Fim na farko da aka yi da magana tun daga farko har ƙarshe, Lights of New York na 1928, shi ma labarin 'yan fasa-ƙwaurin giya ne. Ba irin labarin da ya ci ribar sauti kamar wannan: ƙarar tayoyi a kwana, jiniya, rugugin bindiga, da magana gajeriya mai kaifi. Ga kuma 'yan kallon. Kasuwar hannun jari ta rushe a Oktoban 1929, bankuna na ta rufewa da kuɗin mutane, zuwa 1933 kusan mutum ɗaya cikin huɗu ba shi da aiki. Magidanci ya bi doka duk rayuwarsa, ya tashi ba ko sisi. Ya biya 'yan kwabbansa ya shiga silima, ya ga wani gajere ya ce ba zai jira a ba shi ba. Wa kuke zaton zai tafa wa? Capone kansa ya gane wannan, ya buɗe gidan raba miya da burodi kyauta ga marasa aiki a Shikago.

Wata uku bayan nan sai ga The Public Enemy, wato maƙiyin jama'a. Shi daga wani rubutu aka ɗauko shi wanda ba a buga ba, na John Bright da Kubec Glasmon, sunansa na nufin giya da jini. A cikin fina-finai ukun da ake kira manya a wannan fanni, shi ne ya nuna sana'ar kanta: daren jajibirin doka mutane na loda kwalabe har a keken jarirai, yadda ake zuƙe giya daga rumbun gwamnati a zuba a tankar mai, yadda ake tilasta wa mai mashaya ya sayi taka ko a fasa masa ganguna. James Cagney ya fito a Tom Powers, ɗan asalin Ailan, kuma da farko ba shi aka ba jarumin ba, sai da aka fara ɗauka aka musanya shi da abokin wasansa. Kowa na tuna wurin da ya murje wa budurwarsa rabin wani babban lemo a fuska suna karin kumallo. Ni wurin da ya fi tsaya min daban ne. Yayansa ya dawo daga Yaƙin Duniya na Farko, Tom ya kawo gangar giya ya ɗora a tsakiyar teburin cin abinci. Yayan ya fusata ya yi jifa da ita, ya ce jinin mutane ne a ciki. Tom ya mayar masa cewa shi ma hannunsa ba a wanke yake ba, ba don ya gaisa da Jamusawa aka ba shi lambobin yabo ba. Fim ɗin bai ba yayan amsa mai ƙarfi ba. Ƙarshensa kuwa, an yi waya an ce ana kawo Tom gida, uwa ta hau bene tana gyara masa gado tana 'yar waƙa, aka ƙwanƙwasa ƙofa, yayan ya buɗe, gawa ce a tsaye naɗe da bargo da igiya, ta faɗo kan fuskarta. Na ga fina-finan kisa da yawa, ban ga wanda ya kai wannan sanyaya jiki ba.

Na uku shi ne Scarface, mai tabo a fuska, laƙabin Capone ne kai tsaye. Wani saurayi Maurice Coons ya rubuta littafin da sunan aro Armitage Trail, ya mutu a 1930 yana ɗan shekara 28, bai ga fim ɗin ba. Gaskiya littafin ba wani abin a zo a gani ba ne, irin na mujallun nan ne masu takarda mai arha da ake rubutawa da sauri, a karanta a jirgin ƙasa a yar. Ba raini nake yi ba, mu da muka san yadda aka raina littattafan kasuwar Kano bai kamata mu raina na wasu ba. A littafin jarumin ya samo tabonsa a fagen yaƙi, abin da Capone ma yake so a ɗauka ke nan game da nasa. Alhali a wata mashaya a Niyok wani ya yanke shi da wuƙa saboda ya yi wa ƙanwarsa maganar banza.

Attajirin nan Howard Hughes ya sayi littafin, Howard Hawks ya ba da umarni, Ben Hecht, tsohon ɗan jaridar Shikago, ya rubuta, kuma kusan suna kawai suka ɗauka suka zubar da saura. Paul Muni ya fito a Tony Camonte, mutum kamar yaron da aka ba abin wasa. Ranar da ya fara riƙe bindigar Thompson murna yake kamar ranar salla. Hawks ya yi wata dabara da nake so masu shirya fim a nan su lura da ita: duk inda za a yi kisa, akwai alamar X a wani wuri, a inuwa, a katakon rufi, a lambar ƙofa, a takardar lissafin wasa. Ya ɗauko ta ne daga jaridu, waɗanda ke sa wannan alama a hoto don nuna inda gawa ta faɗi. Kisan garejin nan ma inuwa kawai ya nuna a bango. Da kuɗi kaɗan da tunani mai yawa ake yin irin wannan.

An ɗauki fim ɗin a 1931 amma bai fito ba sai 1932, saboda rigima da masu tacewa. Sun sa an ƙara wa sunan cewa abin kunyar ƙasa ne. Sun sa an ɗauki wani ƙarshe inda aka yi wa Tony shari'a aka rataye shi, ba ma da Muni aka ɗauka ba. Suka kuma cusa wani zama inda mai gidan jarida ke yi wa manyan gari huɗuba, yana cewa a ƙarfafa dokar korar baƙi, mutanen nan ba 'yan ƙasa ba ne. Ga inda nake son ku tsaya. Capone a Brooklyn aka haife shi a 1899. Ba ƙasar da za a kore shi zuwa gare ta. Ɗan gida ne.

Yanzu in ja igiyar da na ba ku riƙo. A duk fina-finan nan uku, wa ya sayi giyar? Kun ga mai kawowa, kun ga mai harbi, kun ga gawa. Magajin gari fa? Shikago tana da William Thompson a kujerar daga 1927 zuwa 1931, wanda kowa ya san ƙungiyar Capone ta mara masa baya. A fadar shugaban ƙasa ma, zamanin Warren Harding, ana zuba wuski a wurin karta. An ruwaito Capone yana cewa in shi ya sayar sunansa ɗan fasa-ƙwauri, in masu sayensa suka zuba wa baƙi a faranti na azurfa sunansa karamci. Mugu ne, amma a nan bai yi ƙarya ba.

Littattafan da suka faɗi wannan suna nan, kuma sun fi waɗanda na ambata kyau. F. Scott Fitzgerald ya fitar da The Great Gatsby tun 1925. Mutane na karanta shi a matsayin labarin soyayya, suna manta cewa dukiyar Gatsby daga sayar da barasa ta bayan kantar kemis ta fito, kuma ubangidansa a harkar an gina shi ne a kan Arnold Rothstein, ɗan cacan da ake zargi da sayen wasan ƙarshe na ƙwallon baseball a 1919. Duk daren Asabar ɗaruruwan masu hali na cika gidansa, suna shan giyarsa suna gulmarsa. Ranar jana'izarsa ba a ga ƙeyarsu ba. Fitzgerald kyamararsa a kan masu sha take.

Dashiell Hammett ya fi shi zafi. Shi tsohon ma'aikacin kamfanin bincike na Pinkerton ne, kamfanin da masu ma'adinai ke haya don murƙushe yajin aiki. Littafinsa Red Harvest, jan girbi, ya fito a 1929, shekara ɗaya da na Burnett. Gari ne na haƙar ma'adinai. Attajirin da ya mallaki ma'adinan da banki da jaridu ya ɗauko 'yan bindiga su karya masa yajin aikin leburori. Suka karya, suka ga garin ya yi musu, suka zauna. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Shugaban 'yan sanda nasu ne. Mai binciken da aka kawo, wanda ko sunansa ba a faɗa ba, bai kama kowa ya kai kotu ba, haɗa su faɗa ya yi suka ƙarar da juna, har shi ma ya fara jin daɗin jinin ya tsorata da kansa. A ƙarshe ya miƙa garin ga wa? Ga attajirin nan dai.

To, Little Caesar ya zama fim cikin shekara biyu. Red Harvest har yau ba a yi masa fim na gaskiya da sunansa ba. An yi wani a 1930 da aka ce daga shi aka ɗauko, amma an mai da shi abin dariya da waƙe-waƙe. Ƙashin labarin ya yi yawo, masu nazari na ganinsa a fim ɗin Yojimbo na Japan a 1961, daga can ya shiga fim ɗin kaboyi na Sergio Leone a 1964. Ni ra'ayina, kuma ra'ayi ne, Holiwud ta zaɓi labarin da za a iya kashe laifin da harsashi ɗaya. Mutum ɗaya, mai baƙon suna, ya hau ya faɗo, a share titi, kowa ya koma gida da tsabtarsa. Labarin da ke cewa laifin na mai banki ne da ɗan sanda da mai zuba wa baƙi a kofi, ba shi da gawar da za a rufe fim da ita.

Abin da ya biyo baya ba zan daɗe a kansa ba. An soke dokar ranar 5 ga Disamba 1933. Daga tsakiyar 1934 aka fara aiki da ƙa'idar tace fina-finai da gaske a ƙarƙashin Joseph Breen, bisa matsin cocin Katolika. Warner ba su yi asara ba. A 1935 suka ɗauko Cagney ɗin nan, da takunsa da bindigarsa, suka ba shi katin jami'in gwamnati a fim ɗin G Men. Bos ya koma akta, harbin bai ragu ba. Shi kuwa Capone na gaske, ba a kan titi ya faɗi ba. Ma'aikatan haraji ne suka bi takardun lissafi shekara da shekaru, a Oktoban 1931 aka same shi da laifin ƙin biyan haraji, aka yanke masa shekara 11. Ya yi zaman kurkukun Alcatraz, ya fito a 1939 tunjere ya cinye masa ƙwaƙwalwa, ya mutu a gadonsa a Florida a 1947. Eliot Ness, jami'in gwamnati mai fasa rumbunan giya da gatari, shi ya samu littafi a 1957 da fim a 1987. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mafi yawanku kuma Scarface da kuka sani na 1983 ne, na Al Pacino, inda giya ta koma hodar iblis, Shikago ta koma Miami, Ba'italiye ya koma ɗan Kyuba. Baƙo dai, har wa yau. Shugaba, na ga kana duba agogo. In akwai tambaya, bismilla.

Tambaya daga wata ɗaliba: Malam, in dai jarumin yana mutuwa a ƙarshe, ai darasin ya fito. Me ya sa masu tacewa suka damu?

'Yata, fim ɗin Rico bai kai awa ɗaya da rabi ba. Mutuwar minti nawa ce? Sauran duk hawa ne, kwat ne, mota ce, mutane na miƙewa in ya shigo. Masu tacewa sun san wanne yaro zai tafi da shi gida. George Raft, wanda ya fito a abokin Tony yana wurga kwabo sama yana cafewa, ya taso tare da 'yan harkar na gaske, kuma bayan fim ɗin samari suka ɗauki wurga kwabon. Ba wanda ya ɗauki faɗuwa a kwata.

Tambaya daga wani dattijo: Malam, na ji kamar kana cewa hana giya ne ya kawo ɓarna. Mu fa a wurinmu haramun ce.

Allah ya ƙara girma, Baba. Haramun ce, ban ce a sha ba. Ga malamai nan a gaba, su gyara min in na kuskure. Haramcin a wurinmu mataki-mataki ya sauka. Aka fara cewa cutarwarta ta fi amfaninta, a Baƙara. Aka ce kar a kusanci salla cikin maye, a Nisa'i. Sannan a Ma'ida aka ce a nisance ta, mutanen Madina suka tuntsurar da tulunansu a kan hanya da hannunsu. Nana A'isha ta ce da hanin ne ya fara sauka, da mutane sun ce ba za su bari ba. Kuma hanin ya haɗa mai sha da mai saye da mai sayarwa da mai ɗauka. Na Amurka ƙuri'a ce ta majalisa, ta kama mai sayarwa ta saki mai saye, wasu daga cikin 'yan majalisar da suka jefa ƙuri'ar ma suna da mai kawo musu har ofis. Abin da na kawo ke nan, Baba.

Akwai wani hannu can baya, amma na ji an fara kiran magariba. Ɗana, ka same ni a waje bayan salla. Wassalamu alaikum.